YESU YA GAJI, YA JI ƘISHI

Karatunmu na yau daga Bishara ta hannun Yohanna ne, sura 4, aya 5 zuwa 7, da sura 19, aya 28.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa na bin magudanai zuwa Bunkure, Kadawa da Kura. Amma duk wanda ya taɓa ban ruwa a watan Maris ya san yadda abin yake. Ruwa na gudu a gabanka, rana na dukan ƙeyarka, kafin azahar ƙafa ta yi nauyi, sai neman inuwa.

Haka Yohanna ya nuna mana Ubangiji a bakin rijiyar Yakubu. Ya taso daga Yahudiya a ƙafa, gajiya ta kama shi, ya zauna da tsakar rana. Ko guga ba shi da ita. Shi da aka halicci koguna ta wurinsa, sai da ya roƙi wata Basamariya ta sam masa ruwa. A kan gicciye ma ƙishi ya sāke kama shi, har ya faɗa da bakinsa.

Maƙwabtanmu sukan tambaye mu, cikin mutunci, yaya Allah zai ji ƙishi? Tambayar ta daɗe. Tun farkon ikkilisiya wasu suka ce Yesu siffar mutum kawai ya ɗauka, bai sha wuya da gaske ba. Ignatiyus na Antakiya ya yi tsayayya da su a wasiƙunsa, yana kan hanyar Roma inda za a kashe shi. A shekara ta 451 taron Kalsidon ya tabbatar cewa Yesu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne kuma. A makarantar tauhidi mun haddace wannan shekara don jarrabawa ne kawai. Ban gane nauyinta ba sai a 2016.

A shekarar ce tsutsa ta cinye tumatir a Kadawa. Wani dattijon ikkilisiyarmu, wanda ya ci bashin taki, ya daina zuwa sujada. Da na je gidansa ya ce, "Fasto, kuka nake yi da dare, ina jin kunya. An ce mai bangaskiya ba ya kuka." Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?" Na buɗe masa Yohanna 11, inda Yesu ya zub da hawaye saboda Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Na nuna masa Getsamani, inda ya roƙi Uba har sau uku a ɗauke masa ƙoƙon nan. Bashin dai bai gushe ba, sai da kaka ya gama biya. Amma ran Lahadi ya dawo, idanunsa jawur, ya zauna a gaba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin mako mai zuwa ku karanta Ibraniyawa 4, aya 14 zuwa 16.

Bari mu yi addu'a. Ya Yesu, kai da ka san gajiya da ƙishi, ka dubi masu dashen shinkafa, da masu bashi, da waɗanda suka kwana ba barci. Ka ba su ƙarfin zuwa gare ka da hawayensu. Amin.