Bencin da muka zauna a kai



Manyanmu a wannan zaure sun shiga aji ɗaya ne a wajejen 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. A wancan zamani ɗan hakimi da ɗan maƙeri da 'yar mai koko benci guda suke zama, bulala guda ke hawa kansu. Shirin bai rasa nakasu ba, domin yara sun zarce lissafin da aka yi, aka ɗebo malaman da horonsu bai nuna ba. Amma idan iska ta yaye rufin aji, har ɗan hakimi ruwa ke duka, saboda haka ba a daɗe ba a gyara ba.

Yau wa ya rage a kan wannan benci? Kwamishina ya janye nasa, ɗan majalisa ya janye, babban ɗan kasuwa ya janye. An bar mana 'ya'yan leburori da 'yan dako da masu gadi da ƙananan manoma, mutanen da idan sun je ofis a bakin ƙofa ake tsayar da su. Rufin da ya yaye bara yana nan a yaye, domin babu mai faɗa a ji da ɗansa ke jiƙewa a ƙarƙashinsa.

Doka kuwa tana nan. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Sau nawa muka ji kuɗin suna kwance a Abuja saboda jihohi ba su ajiye ba? Kalmar "kyauta" ma iyaye sun san iyakarta: akwai yunifom, da littattafan rubutu, da kuɗin jarrabawa. Magidancin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, in ma ana biyansa, dole ya zaɓi wanda zai tafi aji cikin 'ya'yansa. Galibi 'yar ce ke ɗaukar farantin talla.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Da yawanmu daga albashin makarantar gwamnati muke tsakurar kuɗin makarantar kuɗi domin 'ya'yanmu. Ba za mu zargi kowa ba, uba ba ya gwaji da ɗansa; sai dai iyayen ɗalibanmu suna gani, kuma sun fahimci abin da hakan ke nufi. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Bauchi da Maru, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kuma bai taɓa raba kukan malami da kukan talaka ba. Mu kuwa mun saba fita neman ƙarin girma da bashin albashi mu kaɗai, sannan mu yi mamakin yadda gari ke yin shiru.

Saboda haka muna roƙon kowane shugaban makaranta, kafin ƙarshen wannan zango, ya ƙirga mana yara nawa ke kowane aji, nawa ke zaune a ƙasa, makewayi nawa ke aiki, ya miƙa wa sakataren reshe. Ranar da za mu kai takardar hukumar SUBEB, kowace makaranta ta zo da iyaye biyu, uwa da uba, kuma su za su fara magana kafin mu.