Tsatsar da ke cin jijiya: jawabin kwamitin walwala a bikin cika shekara

 

Kwamitin walwala ya roƙi 'yan mintoci a wannan biki, kuma ba maganar kuɗin wata muka zo da ita ba, kowa ya saki ransa. Maganar hawan jini ce. Duk wanda ya daɗe a ƙungiyar nan ya san sau nawa muka je ta'aziyya a Nima ko Maamobi aka ce mamacin lafiyarsa ƙalau, faɗuwa kawai ya yi. Wani kuma bai rasu ba, ɓarin jiki ya shanye, yana kwance, kayansa na Paga, kuɗinsa na hannun mutane daga Kumasi har Maraɗi, lissafin duka kuwa a kansa yake, ga baki ya ƙi motsi. Ajali na Allah ne. Amma neman magani ma umarni ne.

Binciken da aka tattara a Gana ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin manya huɗu na da hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Kada wani ya ce ciwon masu kuɗi ne ko ciwon tunani. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa sun gwada baƙar fata a wurare uku: kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karebiyan, 33 a Amurka. Tushe ɗaya, abinci da zama daban. Mu da rabin rayuwarmu ke kan kujerar lori da abincin tasha, mu duba wane ɓangare muka fi kama da shi.

To me ke faruwa a cikin jijiyar? A nan ne muke so mu ɗan tsaya. Kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikinmu tana da wasu 'yan mitsi-mitsin injuna da ake kira mitokondiriya. Su ne ke ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, su ba jiki ƙarfi. Direbobinmu sun sani, ba injin da ba ya hayaƙi. Hayaƙin waɗannan injuna wasu sinadarai ne masu cin abu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, babbansu shi ne sufa'okisayid. Jiki yana da masu shara da ke kwashe shi nan take. Idan hayaƙin ya fi ƙarfin masu sharar, shi ne abin da za mu kira tsatsar cikin jiki.

Ita kuwa jijiyar jini ba bututun roba ba ce, tana buɗewa tana tsukewa. Abin da ke ba ta umarnin ta saki jiki wata iska ce, naitirik okisayid, wadda gano aikinta ya sa aka ba mutum uku kyautar Nobel a 1998. Sufa'okisayid na haɗuwa da ita sai ya cinye ta. Jijiya ta kasa sakewa, hanya ta ƙuntata, zuciya ta ƙara matsa lamba. Wanda ya taɓa kwana uku a layin Aflao saboda ƙofa ɗaya aka buɗe ya gane abin da muke nufi.

Wani masani mai suna Sergey Dikalov, da ke Jami'ar Vanderbilt a Amurka, ya shafe shekaru a kan wannan. A 2010, lokacin yana Jami'ar Emory, shi da abokan aikinsa suka sa wa ɓeraye hawan jini, sannan suka ba su wani sinadari, mitoTEMPO, da aka ƙera don ya shiga har cikin mitokondiriya ya kwashe tsatsar. Awon jininsu ya sauka da kusan maki 30. Da suka ba da ɗan'uwan sinadarin wanda ba ya taruwa a cikin injin, daidai wannan awo, bai yi aiki ba. Ashe ba kwashe tsatsa kawai ba ne, sai a ina aka kwashe ta. Daga baya suka nuna cewa wani furotin, Sirt3, wanda ke tashin masu sharar su yi aiki, yana raguwa a jijiyoyin masu hawan jini, kuma hayaƙin taba na ƙara wa injunan tsatsa.

Ga inda ya shafe mu a matsayinmu na 'yan kasuwa. Ɓeraye aka yi wa wannan gwaji, kuma mitoTEMPO ba magani ba ne da ake sayarwa a kemis. Amma kun ji masu talla a cikin mota da tasha, da kwalabe masu tsada, suna cewa suna wanke jini, suna kashe tsatsa, a daina shan maganin asibiti. An riga an gwada irin wannan a kan mutane. A binciken da aka fitar a 2000, fiye da mutum 9,000 aka bi shekara huɗu da rabi, rabi suna shan bitamin E, bai rage musu bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Cikinmu ba wanda zai biya kuɗin buhun albasa a Adjen Kotoku don ya ga manya uku a baki. Kada mu yi wa jikinmu cinikin da ba za mu yi wa jarinmu ba. Muna kuma roƙo, kada ɗan ƙungiyar nan ya ɗauko irin kwalaben nan ya tsallako da su.

Abin da ya tabbata yana aiki ba shi da tsada. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwaji a ƙasashen Afirka shida, aka fitar a 2019, ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Maganin yana nan a Asibitin Maamobi da Korle Bu da kemis na unguwa, likita ne zai zaɓa wa kowa nasa. Matsalarmu ita ce hanya. Magani ya ƙare a Wagadugu, mutum ya ce sai na koma. Wata ta bar ƙwayar da ke sa fitsari don mota ba ta tsayawa. Kafin tafiya a gaya wa likita kwana nawa za a yi, ya rubuta ainihin sunan maganin a takarda, don kwalin da ke Yamai ba lallai ya yi kama da na Ankara ba.

Gishiri kuma, giram 5 a yini aka ce kada a wuce, ko ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Ku lissafa dunƙulen miya, da momoni, da shito a kan waakye, da yajin tsire. Maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ake haɗiya kamar gyaɗa yana ɗaga jini, yana wahalar da ƙoda. Masu goro, ba mu ce a bari ba, kada a kore mu daga taron, amma a rage. Sobolo ya ɗan sauke jini a wani ƙaramin gwaji a Amurka, sai dai can ba su cika shi da sukari ba, kuma bai zama madadin magani ba.

Shawarar da muka kawo wa shugabanni ita ce a cire kuɗi daga asusun walwala a sayi na'urar awon jini biyu, ɗaya ta zauna a ofis, ɗaya a wajen lodi, a koya wa matasa biyu amfani da su. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban-daban, a rubuta masa a kati, a raka shi asibiti kafin ya ɗauki kaya na gaba. Muna fata a kaɗa ƙuri'a a kan wannan a taron wata mai zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.