Malami a Inuwa, Yara a Rana

 An nemi mu ce wani abu game da motsa jiki a makarantun ƙasarmu, watau daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, da Zurmi, da garuruwan da ke ƙarƙashinta irin su Birnin Tsaba. Wataƙila wani ya ce, a ƙasar da mutane ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ina aka ga sukunin zancen guje-guje da tsalle-tsalle? Mu kuwa a ganinmu wannan hali shi ne ya sa zancen ya zama tilas.

Dalili kuwa shi ne, a da ɗan ƙauye ba ya bukatar jadawali kafin ya motsa jikinsa. Da ƙafa yake zuwa makaranta, ya kai awaki kiwo, ya ɗebo itace, in an yi farin wata kuma ya fita dandali ya yi langa ko kokawa har dare ya raba, 'yan mata na gefe suna gaɗa. Yau daji ya zama abin tsoro, gonar nesa ta gagara, dandali kuwa kan watse tun da magariba. Mun ga yadda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, kana a watan Satumba na 2021 aka rufe makarantun jihar Zamfara bayan satar ɗalibai a Kaya ta Maradun. Yaron da aka tsare a gida wata da watanni, ba karatunsa kaɗai ya tsaya ba. Saboda haka filin da ke cikin harabar makaranta ya zama kusan wurin da ya rage wa yara da yawa inda za su yi gudu da rana tsaka, ƙarƙashin idon babba.

To, me ake yi da filin? Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta sanya motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare. Amma kowa ya san abin da kan faru in lokacinsa ya zo. A jefa wa maza tamaula ɗaya, yaro ashirin da biyu su shiga, sauran su tsaya kallo, 'yan mata a aike su shara, malami kuwa ya ja kujera ya zauna gindin darbejiya. Wani lokaci ma malamin lissafi ya karɓe sa'ar baki ɗaya da sunan jarrabawa ta ƙarato. Mafi muni, mun mai da motsa jiki horo: wanda ya makara shi ake sa wa tsallen kwaɗo. Yaron da ya tashi yana ganin gudu hukunci ne, ranar da ya sami kujerar ofis ba zai ƙara yin sa ba har abada.

Nan ne maganar ta iso kanmu, gama yawancinmu gobe malamai ne ko ma'aikatan gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Wani bincike da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu zuwa makaranta ba su cika wannan ƙa'ida, 'yan mata kuma sun fi maza baya. Amma bari mu dubi babban. Da zarar ɗayanmu ya karɓi albashin fari ya sayi babur, shi ke nan, ko masallacin unguwa sai a kansa. Teɓa ta fito, a ce masa hutu ya karɓe shi. Bayan shekara goma sha biyar sai hawan jini da ciwon sukari su yi sallama, albashin da bai isa abinci ba a raba shi da mai kantin magani. Mun ɗauka cewa gudu a gaban yara zubar da girma ne. Alhali ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Wane hedimasta ne zai ce girmansa ya hana?

Kullum kukan da ake yi shi ne babu kayan wasa. Lalle babu, ba kuwa za mu zauna jiran su ba. Langa ba ta bukatar komai sai ƙafa ɗaya da numfashi, ga ta kuwa tana ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya. Kokawa yashi kawai take so. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda Maraɗinsu ba ta da nisa da mu, tun 1975 suka ɗaga kokawa ta zama gasar ƙasa, ana ba zakara takobi, jiha jiha ana karɓar baƙuncinta. Mu kuwa mun bar ta a bakin kasuwa, muna ganin sai abin da ya zo daga Ingila ne wasan 'yan boko. Game da 'yan mata, abin da iyaye ke so a bayyane yake: keɓantaccen wuri, malama mace, da sutura mai mutunci. In an cika waɗannan, gaɗa da tsallen igiya da ƙwallon raga duk halal ne gare su.

Sai dai a yi da hankali. A zafin bazara ba a fitar da yara da tsakar rana. Minti ashirin bayan taron safe ya wadatar, ko kuwa bayan la'asar inda hanya ke da aminci. A ajiye randar ruwa a bakin fili. Yaron da ya zo bai karya kumallo ba, musamman 'ya'yan waɗanda aka koro daga ƙauyukansu, kada a tilasta masa zagaye fili, a fara tambayarsa abin da ya ci.

Roƙonmu ga ƙungiyar ɗalibai shi ne, duk wanda zai tafi koyon aikin malanta ko hidimar ƙasa a wannan yanki, ya nemi izinin shugaban makarantarsa a ware safiya biyu a mako, ya kuma tuɓe babbar riga ya shiga sahu shi da kansa, sa'an nan ya rubuto wa wannan mujalla abin da ya gani.