Jan Labari Ya Yi Yawa

Tun da Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa, fim mai dogon zango ya zama abincin dare a gidajenmu. Kwana Casa'in ya burge ni, domin ya taɓo maguɗin zaɓe da cin hanci ba ɓoye-ɓoye. Labarina na Aminu Saira kuwa, hotonsa tsaf, amma jan rai ya yi masa yawa: a daɗe ana gaisuwa a falo, da zance ya kusa fashewa sai a ce mu tara mako mai zuwa.

Littattafan yanzu ma cutar ɗaya ce. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, da labari ya ɗau zafi sai ta ce a tura kuɗi kafin a ga ci gaba. Ba laifi, guminta ne. Amma babu mai tace rubutun, ga kurakurai birjik, ga attajiri matashi da 'yar talakawa a kusan kowane littafi. Alhali Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, inda jarumar labarin Rabi da 'ya'yanta suka sha wuya suka miƙe, ba a ja mana rai ba.