Daga Agege Zuwa Ankara A Kan Keke: Jawabi A Taron Ƙungiya



An nemi mu ba da labarin tafiyar da muka yi bara, mu huɗu, daga nan Agege zuwa Ankara babban birnin Gana, fiye da kilomita 400. Mun amsa ne don mun ji wasu samarinmu na shirin bin sawunmu, kuma wallahi yadda suke shirin ya ba mu tsoro.

Mun bi ta Badagiri muka ƙetara a Seme. Dokar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar har kwana 90 ba biza, to amma ba ta ce ka je hannu rabbana ba. Sai da fasfo da katin allurar rigakafin shawara. Ɗayanmu ya baro katinsa a gida, a wata kan iyaka aka tsare shi tun hantsi har la'asar. Ba ma jin Faransanci, su kuma ba sa jin mu. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya yi mana tafinta, aka yi masa allurar a nan, sannan muka wuce. Allah Ya saka wa bawan Allan nan.

A Kwatano mun sauka a Zango. Muna jingine kekuna a jikin masallaci aka kewaye mu da tambaya: 'ya'yan wane ne ku a Agege? Takardar da Sarki ya ba mu ita ta sama mana ɗaki da tuwo. Haka a Lome, haka a Nima ta Ankara. Duk tafiyar, sau biyu kaɗai muka biya kuɗin masauki.

Inda jikinmu ya mutu shi ne Wida, kamar kilomita 40 yamma da Kwatano. Daga cikin gari zuwa bakin teku akwai hanya mai kimanin kilomita 4, wadda ake kora bayi a kanta zuwa jirgin ruwa. A ƙarshenta aka gina wata ƙofa a 1995, ana ce mata ƙofar da ba a dawowa. Jama'a, cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan har da Hausawa. A Bahiya ta ƙasar Birazil, bayi Hausawa ne suka ƙulla tawaye a 1807. Sauka muka yi muka tura kekunanmu, ba mai magana, muka yi masu addu'a a kan rairayi. Da a mota muke da sai dai mu wuce fuu.

Togo kuwa, kafin ka gaji ta ƙare, faɗinta a bakin teku bai kai kilomita 60 ba. Daga Lome ka taka Aflawo, ka ajiye sefa ka ɗauki sidi. Daga nan wahala ta soma: rana, manyan motoci, ga faci har sau biyar kafin gadar Sogakofe a kan kogin Bolta.

To samari, wanda ya ƙudura niyya ya fara da izinin iyaye. Ya koyi faci da gyaran birki da hannunsa, ya tashi da asuba ya sauka kafin magariba, don hanyar nan ba ta dare ba ce. Mai son ganin irin takardun da muka riƙe, suna wajen sakatare bayan an tashi.