Dalilan da Suka Sa Wata Kwamfuta Ta Fi Wata Sauƙin Sha'ani

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na Hausawa mazauna Doha, unguwar Ain Khaled, ƙasar Katar

Gabatarwa

Kowa a nan ya san takaicin kwamfutar da ta daskare ana tsaka da aiki. Da yawa na ɗauka cewa tsada ce ke raba mai wahalarwa da mai sauƙi. Wannan takarda na ganin lamarin ya rataya ne a kan abu uku: yawan hannayen da suka haɗa kwamfutar, wanda ke da iko da lokacinta, da kuma sanin harshen mai ita.

Yawan hannaye

Tun fitowar Macintosh a 1984, kamfanin Apple ne ke tsara na'urarsa da manhajarta, kuma a 2020 ya fito da M1, ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa. Samfuransa kaɗan ne, don haka gwada su ba ya wuya. Windows kuwa Microsoft ke rubuta ta, HP ko Dell ko Lenovo su ƙera jikin, wani ya rubuta manhajar firinta, wani ta riga-kafi. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a nan yawan hannu ke sa a rasa wanda za a tuhuma. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Sai dai yawan masu ƙerawar ne ya sa kwamfutocin Windows araha da sauƙin gyara. Mai gyara a titin Beirut a Kano zai kwance yawancinsu ya ƙara musu ma'aji nan take, abin da ba ya yiwuwa a Mac mai M1.

Iko da lokaci

A Doha intanet na da ƙarfi, wuta ba ta ɗaukewa, don haka sabuntawa ba ta cika damun mu ba. A gida kuwa, ɗalibin da ya sayi data da guminsa zai ga kwamfuta ta cinye ta cikin dare, ko ta sake kunna kanta ga caji ya kusa ƙarewa. Ƙari a kan haka, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa da muke aikawa gida ba su da shi. Manhajar Linux kuwa, irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ce, tana tafiya a kan tsofaffin na'urori, tana kuma bar wa mai ita zaɓin lokacin manyan sabuntawa. Rauninta shi ne ba a yi mata Microsoft Office ko Photoshop ba.

Sanin harshe

Bahaushe a Katar na rubutu da harshe fiye da ɗaya. Ku dubi malamin da ke shirya darasi: ya rubuta jimlar Larabci daga dama, ya bi ta da fassarar Hausa daga hagu, sai aya ta tsallaka gefen da ba nata ba, ya buga a takarda, ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna saboda salon haruffan ba ya ɗauke da su. Windows da Linux duk suna da madannan Hausa, amma sai an shiga saiti an kunna, kuma masu sayarwa ba sa gaya wa kowa.

Kammalawa

Babu kwamfutar da ta fi kowace a ko'ina. Kafin mu saya, musamman wadda za mu aika gida, mu tambaya: wa zai gyara ta a garin da za ta zauna, har yaushe za a ci gaba da tallafa mata, kuma tana rubuta Hausa da Larabci daidai? Ina roƙon wannan taro ya ware rana guda ta koya wa 'yan'uwa kunna madannan Hausa da tsara lokacin sabuntawa.