Ziyarar giwa a gandun daji na W

Jawabin da anka yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci



Hirarmu ta yau ta giwa ce. Kowa ya san sunanta cikin tatsuniya da karin magana. Amma in munka ce wanda ya taɓa ganinta da idonsa shi ɗaga hannu, hannuwa kaɗan za mu ƙirga. Tsohin ƙasar Madarunfa suna tune da giwayen da ke shigowa dajin Baban Rafi daga Najeriya. Yanzu kuwa, babban mazaunin giwa a ƙasarmu shi ne gandun daji na W.

Ina W take?

Tana kudu da Yamai, tahiyar kilomita wajen 150. Ana bi ta Sai da Tamu, a isa Tapowa, inda ƙofar gandun take. A wurin, kogin Isa yana lanƙwasa kamar baƙin nan na boko, W. Daga nan sunan ya hito. An kafa gandun a shekara ta 1954. Faɗinsa a ɓangaren Nijar hekta 220.000 ne. Dajin bai tsaya ga iyakarmu ba, ya shiga Benin da Burkina Faso. A 1996, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya duka ta gada. Ban da giwa, akwai ɓauna, da zaki, da gwanki, da dorina, da kada, da tsuntsaye iri sama da 350.

Wace ce giwa?

Ba dabbar da ta kai ta girma a bisa tudu. Babban toro yana kai kilo 6.000, nauyin buhun hatsi 60 ke nan. A yini guda giwa tana cin ganye da ciyawa da ɓawon itace wajen kilo 150. Ruwan da take sha yana kusa da cika tano. Cikinta wata 22 ne, kuma ɗa guda take haihuwa. Sai bayan shekara 4 ko 5 ta sake wani. Ku riƙe wannan da kyau. Akuya tana haihuwa kowace shekara, shi ya sa garke ke cika da sauri. Giwa in anka kashe ta, an daɗe ba a mai da gurbinta ba. Tsohuwar uwa ce ke jan garke, ita ta san hanyar ruwa. In ta faɗi, sauran sun rasa jagora.

Ƙaƙa ake ziyara?

Lokacin ziyara rani ne, daga watan Disamba zuwa Mayu. Da damana hanyoyi suna ɓaci, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watse. Da bazara kuwa tabkuna sun ƙahe, sai su taru bakin ruwan Tapowa da Mekuru. Da sanyin sahe ko da marece ake ganinsu.

Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. To, a W mu ne baƙi, giwa ita ce mai gida. Baƙo kuwa da ladabi anka san shi. Ga dokokin:

1. Ba a shiga sai da takardar izini, kuma sai da jagora. Abin da ya ce, shi za a yi.

2. Ba a sauka daga mota sai inda jagora ya yarda.

3. A yi shiru. Idon giwa ba shi da ƙarhi sosai, amma hancinta da kunnenta ba su kuskure.

4. A tsaya nesa. Kar a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Kar a tare musu hanyar ruwa.

5. In ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, tana kaɗa shi, kashedi ne take yi. A ja da baya sannu, ba gudu, ba ihu.

6. Ba a ba ta abinci. Giwar da ta saba da abincin mutane, gobe ita ce za ta fasa rumbu.

7. Ba bindiga, ba tarko, ba kunna wuta, ba yada leda. Hoto kaɗai ake ɗauka a tahi da shi.

Mi ziyara ke kawowa?

Wani zai ce: mi ya dame ni da giwa, ni da ke neman abin tuwo? Tambaya ce mai kyau. Mu yi lissahi. Mai kashe giwa don haure sau guda yake cin kuɗinta, shi da ƴan tsirarun mutane, kuma laihi ne gaban doka. Tun 1989 an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Giwa mai rai kuwa tana kai shekara 60. Duk ranin Allah, baƙi suna iya zuwa kallonta. Su biya kuɗin shiga. Su ɗauki jagora da direba. Su ci abinci, su kwana, su sayi zuma da tabarma. Kamar saniya ce: mai yanka ta ya ci nama kwana biyu, mai kiwonta yana shan nono shekara da shekaru.

Ba mu ɓoye gaskiya ba, maƙwabtaka da giwa ba ta da sauƙi. Dare guda ta iya cinye wahalar damana duka. Wanda anka yi wa ɓarna shi kai kuka ga ma'aikatan gandun daji, kar shi ɗauki doka a hannunsa. Akwai kuma dabaru. Giwa ba ta son hayaƙin tonka. Tana tsoron ƙudan zuma. A ƙasar Kenya, manoma suna jera amya kewaye da gona: giwa ta kauce, su kuma su samu zuma.

Halin da ake ciki

Wani ƙidayar da anka yi a ƙasashen Afirka 18 ya nuna cewa daga 2007 zuwa 2014, cikin giwa 100, wajen 30 sun salwanta. Mu nan kuma wata masifa ta ƙaru. A ƴan shekarun nan, ƴan bindiga sun shiga dajin W, ziyara ta tsaya, masu cin abinci da ita sun rasa aiki. Saboda haka kar kowa shi kama hanyar Tapowa sai hukuma ta ce hanya ta buɗe.

Kahin ranar, akwai aikinmu. Kar mu sayi haure. Kar mu ɓoye maharbin sata. Makiyaya su bi burtali, su bar gandun. Mu gaya wa yara abin da munka ji yau. In lahiya ta samu, ƙungiyar manoma ko ajin yaƙi da jahilci suna iya haɗa kuɗin mota, a tahi tare da ƴan makaranta. Gani ya kori ji.

Allah shi ba ƙasarmu zaman lahiya, shi nuna wa jikokinmu giwa da idonsu.